Kundin aikinmu kan kifi mai leɓe na ruwan Legas

11 ga Janairu, 2025

Yau ni da ɗalibaina na ajin ƙarshe, 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu da ke Agege, muka tsayar da abin da za mu yi a bana: ɗan littafi da Hausa, mai hotuna, kan kifi guda ɗaya na ruwan Legas. Yaran nan a Legas aka haife su, iyayensu kuwa daga Kano, Sakkwato, Katsina da Kabi. Idan ka tambaye su kifi za su lissafo maka taitus, kote, shawa da fanla, wato kifin kwali da ake shigowa da shi daskararre ta Ijora. Amma abin da ke rayuwa a ƙarƙashin gadar da suke bi ta kanta zuwa cikin gari, kusan babu wanda ya taɓa riƙe shi a hannu. Wannan ya daɗe yana damuna.

Na zaɓi kifin da muke kira mai leɓe. A littattafan kimiyya sunansa Plectorhinchus macrolepis, kuma George Albert Boulenger, masanin dabbobi ɗan asalin Beljiyam da ya yi aiki a gidan tarihin Landan, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1899. Ana samunsa a gaɓar Afirka ta Yamma tun daga Senegal har zuwa ƙasa wajen Kwango, yana kuma shiga bakin koguna da tafkunan da ruwan teku ke gauraya da ruwan daɗi. Dalilin zaɓensa ke nan: kifi ne da ke haɗa tafkin Legas da teku, don haka duk wanda ya bi rayuwarsa dole ya san duka biyun.

25 ga Janairu

Kasuwar kifi ta Makoko, da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Akwai wani dattijo mutumin Yawuri, jinin Sarkawa, da ya shekara da shekaru yana gyaran kifi a gefen kasuwar, shi ya zama jagoranmu, muna kiransa Baba. Na nuna masa hoto a waya, ya ɗan ƙura masa ido, ya ce: "Malam, wannan ai ba ya zuwa da yawa. Sai dai ka ga ɗaya ko biyu sun faɗo cikin tarin wasu. Ku biyo ni." Wajen wata Iya ya kai mu, ta tona ƙasan kwandonta ta zaro shi daga tsakanin karfasa da kaguwa.

Tsawonsa bai wuce tafin hannuna da 'yan yatsu ba sosai. Jikinsa mai faɗi ne daga gadon baya zuwa ciki, amma a matse ta gefe da gefe, launinsa toka mai duhu da ke neman komawa baƙi. Goshin ya gangaro tsaye zuwa baki, bakin kuma ƙarami ne, yana can ƙasa, leɓɓan sun kumbura suna da taushi idan ka danna. Na sa yaran suka buɗe fiffiken bayansa suka ƙirga ƙayoyi masu tsini: 14, sannan masu laushi suka biyo baya. A fiffiken ƙasa kusa da wutsiya akwai ƙaya uku, ta biyun ta fi sauran kauri da ƙarfi. Baba ya gargaɗe su da su yi hankali da ita, domin sukarta na daɗewa tana zogi.

Mun saya, mun ɗauki hotonsa a kan farin allo da rula a gefensa.

8 ga Fabrairu

Aikin yau shi ne raba mai leɓe da danginsa, domin a kasuwa ana zuba su wuri guda. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne da masana ke kira Haemulidae, kifaye masu gurnani. Wanda ya fi yawa a tafkin Legas shi ne Pomadasys jubelini, fari mai sheƙi da ƙananan ɗigo masu duhu a gadon baya. Akwai kuma Brachydeuterus auritus, ƙarami mai manyan idanu, wanda jiragen kamun kifi ke kwasowa da yawa daga teku.

Launi na iya ruɗar mutum idan kifi ya kwana a ƙanƙara. Alamar da ba ta ƙarya tana ƙarƙashin haɓa, kuma mun same ta a littafin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a 1990 kan kifayen Mashigin Gini. Ka juya kifin ka duba haɓarsa da madubin ƙara girma. Idan ka ga 'yan ƙofofi guda biyu da wani ɗan rami a tsakiya a bayansu, Pomadasys ne. Idan ƙofofin shida ne kuma babu ramin, Plectorhinchus ne. Wata ɗaliba ce ta fara hango shidan, ta ɗaga kai ta ce, "Malam, ga su nan a jere, uku nan uku nan." Daga nan madubin bai sake dawowa hannuna ba sai da kowa ya gani da idonsa. Ƙofofin nan suna haɗe ne da tsarin jijiyoyin da kifi ke jin motsin ruwa da su, irin layin nan da ke bin gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya. Ga kifin da ke kiwo da bakinsa a ƙasa cikin ruwa mai duhu, samun irin wannan majiya a haɓa ba ƙaramin amfani ba ne.

A duk gabashin tekun Atlantika 'yan Plectorhinchus biyu ne kawai: namu da Plectorhinchus mediterraneus, wanda ya fi shi girma, yana kai santimita 80, kuma ya fi yawa can arewa wajen Moritaniya da Senegal. Namu yana tsayawa wajen santimita 45, ɓawon jikinsa kuma ya fi na wancan girma. Sauran 'yan Plectorhinchus, kimanin nau'i talatin, suna tekun Indiya da Fasifik.

22 ga Fabrairu

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace daɗi tun da muka fara. Baba ya yi mana magana da wani masunci Ba'egun, cikin mutanen da suka fi yawa a Makoko, asalinsu daga Badagry da Jamhuriyar Benin, ya ajiye mana ɗaya da rai a cikin bokiti. Da aka ɗago shi daga ruwa sai ya fara: gurr, gurr, gurr, a gajarce, kana jin karkarwar a tafin hannunka kafin ma kunnenka ya kama sautin sosai. Yaran suka yi tsit.

Baba ya ce shi wannan bai ba shi mamaki ba, domin kurungu ma haka yake kuka idan an ciro shi a Yawuri. Gaskiyarsa, sai dai hanyar ta bambanta. Kurungu da ƙayar fiffiken gefensa yake yin ƙara, yana goga gindinta a mahaɗarta. Mai leɓe kuwa daga maƙogwaro sautin ke fitowa. Da muka koma makaranta muka feɗe wanda muka saya matacce, muka buɗe can bayan wurin numfashinsa. Akwai faifan ƙashi a sama da a ƙasa, kowanne cike da ƙananan haƙora, suna gogar juna kamar dutsen niƙa da ɗansa. Asalin aikinsu murƙushe abinci mai ɓawo. Idan kifin ya goga su babu komai a tsakani, sai ƙara ta fito, jakar iskar da ke manne a saman cikinsa kuma ta ƙara wa sautin ƙarfi. Jakar fara ce mai sheƙi, ainihin aikinta daidaita tsayuwar kifi a ruwa, kada ya nutse kada ya taso ba da sonsa ba.

Haƙoran da ke bakinsa na gaba ƙanana ne ƙwarai, ba na farautar manyan kifaye ba. Idan ka haɗa ƙaramin baki da ke kallon ƙasa, leɓɓa masu kauri, ƙofofin haɓa da haƙoran maƙogwaro, jikin da kansa ya gaya maka sana'ar mai shi: tsintar abinci a ƙasan ruwa. Na roƙi yaran su rubuta wannan babin da kansu, da kalmominsu, ni sai dai in duba.

Mai ran mun mayar da shi ruwa bayan mun naɗi sautinsa a waya.

15 ga Maris

Azumi ne, mun rage fita. Mun zauna a ɗakin gwaji muka buɗe tumbin waɗanda muka adana. A kan farantin gilashi, da ɗigon ruwa da tsinken allura, abin da ya fito: guntun ƙafar kaguwa da ɗan farcenta bai ko karye ba, ɓawon jatan lande mai haske da ake ganin allura ta bayansa, wasu zare-zare da suka rage daga tsutsar laka, da yashi. Wasu tumbin kuma babu komai a cikinsu. Wannan ya dace da abin da aka sani game da dangin: da rana suna laɓewa a gindin duwatsu ko wani abin fakewa, da dare su bazu neman abinci a kan laka da yashi.

Abin da na so yaran su riƙe shi ne duk abin da muka gani a farantin nan a ƙasan ruwa yake zaune, cikin 'yan santimitocin sama na laka. Za mu dawo kan wannan.

12 ga Afrilu

Bayan sallah mun hau jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay don ganin duwatsun bakin tashar jiragen ruwa. Gaɓar Legas yashi ce zalla, babu dutse na asali. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka jibge manyan duwatsu suka yi katanga mai shiga cikin teku a gabas da yammacin mashigar, domin yashi ya daina toshe wa jirage hanya. Katangar ta tare yashin da igiyar ruwa ke turowa daga yamma, sai ya taru a wancan gefen, shi kuma Bar Beach da ke gabas ya shiga zaizayewa shekara da shekaru. Amma a ƙarƙashin ruwa duwatsun sun zama gida: ramuka, inuwa, kawa da ƙananan halittu manne ko'ina. Masu fatsa da muka tarar a kansu sun ce a nan suke samun manyan masu leɓe, kuma ɗaya daga cikinsu ya nuna mana wanda ya kama. Ya ninka na Makoko girma, leɓɓansa kuwa sun yi kauri har na saman ya rinjayo. Leɓen yana ƙara kumbura ne yayin da kifin ke manyanta.

Abin da idonmu ya gani zuwa yanzu: ƙanana daga cikin tafki, manya daga bakin teku da gindin duwatsu. Masuntan da muka tambaya duk haka suka ce. Zan rubuta shi a littafin a matsayin abin da muka gani da abin da masunta suka shaida.

17 ga Mayu

Ruwan sama ya hana mu fita, sai muka kalli bidiyon danginsa na tekun Indiya da Fasifik. Yaran sun ƙi yarda da farko cewa gida ɗaya suke da namu. Can akwai masu ratsin baƙi da fari da fiffike ruwan ɗorawa, akwai masu ɗigo-ɗigo, akwai wanda ke kai mita guda. Wanda ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne Plectorhinchus chaetodonoides, wanda Lacépède, masanin Faransa, ya bayyana a 1801. Ɗansa ruwan ƙasa ne da manyan farare-fararen tabo, yana iyo kansa a ƙasa yana karkaɗa jiki ba tsayawa. Masana na ganin yana kwaikwayon wata tsutsar teku ce mai faɗi mai guba, don maharba su ƙyale shi. Idan ya girma sai kamannin su juye gaba ɗaya, ya zama fari-fari da ƙananan ɗigo masu duhu. Sauyin kama tsakanin yaro da babba ya zama ruwan dare a wannan dangin, har a da an sha ba yaro da babba sunaye daban ana zaton nau'i biyu ne. Mun ga kuma yadda babba ke tsayawa cak ya buɗe baki, wani ɗan kifi mai ratsin shuɗi yana shiga yana tsince masa ƙwarin jiki.

Wani ɗalibi ya tambaya me ya sa namu bai da ado. Na ce masa waɗancan a ruwa garau suke zaune, tsakanin murjani. Gaɓarmu ba ta da irin wannan shimfiɗar murjani, saboda koguna na zubo ruwan daɗi da laka mai yawa, murjani kuwa yana son ruwa mai haske da gishiri tsayayye. A ganina, a ruwan da ba ka hango tafin hannunka idan ka nutsa shi, duhun jiki shi ne suturar da ta dace. Kuma ni dai ban ga abin rainawa a namu ba.

21 ga Yuni

Damina ta kankama. Mun auna gishirin ruwa da 'yar na'urar da ake ɗiga ruwa a kan gilashinta a duba ta fuskar haske. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. A watan Fabrairu, kusa da tashar jirage, awonmu bai yi nisa da na teku ba. Yau a Makoko layin ya sauko kusan ƙasa, ruwan ya kusa zama na daɗi, saboda kogin Ogun da sauran rafuka sun cika tafkin. Kainuwar nan mai furen shuɗi, wadda ta fara bayyana a ruwan Legas a tsakiyar shekarun 1980, ta fara rufe hanyoyin kwale-kwale. Ita ba ta jure gishiri, shi ya sa sai da damina take yaɗuwa. Iya ta ce ta kwana biyu ba ta ga mai leɓe a kwandon masunta ba.

16 ga Agusta

Mun ciro duwatsun kunne. Baba ne ya koya wa yaran yankan: a tsaga ƙoƙon kai ta sama, a ɗaga ƙwaƙwalwa a hankali, sai ga su nan biyu a kwance cikin 'yan ramukansu, farare tas, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce tun suna yara suke ciro irinsu suna wasa da su, bai taɓa sanin suna da wani amfani ba. Kifi mai ƙashi yana da irin waɗannan guda uku a kowane kunne, waɗanda muka ciro su ne manyan. Da su yake jin sauti yake kuma daidaita jikinsa. Suna girma ne shafi kan shafi tsawon rayuwar kifin, don haka idan aka goge su suka yi siriri ana ganin zobba a ciki. A 1971 wani masani mai suna Giorgio Pannella ya nuna cewa akwai ma zoben da ke fita kowace rana. A ƙasashen sanyi zoben shekara yana fitowa sarai saboda hunturu na tsayar da girma. A ruwan zafi irin namu karanta shi ya fi wuya, yana buƙatar na'ura mai ƙarfi da gwanin ido. Mun wanke su, mun shanya, mun sa kowane biyu a ambulan da tsawon kifin da wurin da aka kama shi.

A cikin ɗaya daga cikin manyan mun tarar da jaka biyu na ƙwai, ruwan ɗorawa. Daga waje ba ka bambanta mace da namiji. Dangin nan ba sa gina sheƙa ko gadin 'ya'ya yadda karfasa ke yi. Suna sakin ƙananan ƙwai ne masu yawan gaske a ruwa, su taso sama, igiya ta tafi da su, su ƙyanƙyashe cikin ɗan lokaci. 'Yan ƙalilan da suka tsira su ne ke neman gaɓa mai kwanciyar ruwa da wurin ɓuya.

4 ga Oktoba

Mun zagaya gefen tafkin da kwale-kwale mai inji don ganin wuraren ɓuyan nan, kuma na dawo zuciyata ba daɗi. Inda itatuwan gaɓa masu saiwa a cikin ruwa suka rage, ƙananan kifaye da jatan lande na ta walƙiya tsakanin saiwoyin. Masunta Egun sun san darajar irin wannan wuri, shi ya sa suke kafa rassan itace a cikin laka su yi abin da suke kira akaja, kifi ya taru a ciki ya yi kiwo. Amma wurare da dama an sare itatuwan an cike da yashi don gini. Yashin kuma daga ƙasan tafkin ake haƙo shi: ga masu nutso da bokiti suna loda kwale-kwale, ga manyan injuna masu zuƙowa ta bututu dare da rana a ɓangaren Ajah da Ikorodu. Kusa da Ebute Metta ga garin katako daga injinan yankan itace yana gangarawa ruwa, ga leda da robobi a kowace kusurwa.

Na sa yaran suka tuna farantin watan Maris. Kaguwa, tsutsa da jatan lande da muka gani a tumbinsa a saman laka suke. Injin da ya zuƙe wannan saman ya tafi da su ne duka, ya bar rami mai zurfi da ruwa mai dagwalo. Mai kwale-kwalenmu ya nuna wani wuri ya ce a da da gora suke tuƙi a nan, yanzu gorar ba ta taɓa ƙasa. Na san masu nutson nan abincinsu suke nema, da yawansu ma tsoffin masunta ne da kamu ya ja baya suka koma yashi. Na san kuma Legas na buƙatar gidaje. Duk da haka ya kamata a ce akwai sassan tafkin da aka keɓe ba a taɓa ƙasansu, musamman bakin itatuwan da suka rage. Wannan babin ni zan rubuta shi, kuma ba zan sassauta ba.

22 ga Nuwamba

Gishiri ya fara dawowa tafkin, kainuwa na bushewa tana nutsewa, Iya kuma ta aiko ta bakin Baba cewa mai leɓe ya sake fitowa a kwando, ƙanana. Mun je mun auna su mun ƙara a jadawalinmu.

An gama babin siffar jiki, na gurnani, na abinci da na dangin ƙetare. Ɗalibar da ta fara ganin ƙofofin haɓa ita ta zana hoton haɓar kifayen biyu gefe da gefe, kuma zanenta ya fi hoton waya fitar da bambancin, don haka shi za mu sa. Na karanta wa Baba babin gurnani da na duwatsun kunne, ya ce a ƙara cewa a riƙe kifin ta kai, a kwantar da ƙayar baya da tafin hannu kafin a ɗaga shi, an ƙara. Mun rubuta wa Cibiyar Nazarin Teku ta Najeriya da ke Victoria Island, wadda aka kafa a 1975, takardar neman izinin kai yaran ziyara tare da ambulan ɗinmu, ko za a duba mana duwatsun kunnen a na'urarsu. Wani mai ɗab'i a Mushin ya ba mu farashin kwafi masu launi da marasa launi, kuma kwamitin iyaye zai zauna a kai bayan jarrabawar wannan zangon. Awon gishiri zai ci gaba kowane wata har Fabrairu, domin jadawalin ya cika shekara guda kafin a kai littafin wurin bugu.